Yadda muka sayi rabin gida a Sabon Gida

Tun ranar da aka ga mun tayar da sabuwar katanga ƴan uwa ke ta aiko mana da barka, wasu har da tsokana, wai ashe mai rediyo ya yi gida. Mun gode, Allah ya bar zumunci. Amma gaskiyar magana rabin gida muka saya, kuma saura ƙiris mu yi asarar jika 500 kafin a kai ga hakan. Da yake mutane da dama sun tambaye mu yadda aka yi, musamman ƴan uwanmu na Abijan da Libiya da Legas masu aiko da kuɗi a saya masu, mun ga gara mu zauna mu ba da labarin tun daga tushe, har da wurin da muka yi wauta.

Shekara tara muna haya a Madawa, inda muke aiki. Inna kuma, tun rasuwar mahaifinmu, tana zaune a garinmu, ɗaya daga cikin garuruwan komin ɗin Sabon Gida, a ɗaki guda cikin gidan yayanta. Ba wanda ya taɓa yi mata gori, amma duk ɗan da ya san ciwon kansa ya san yadda zaman karo yake. In mun je da iyali ranar salla, yara su kwana wurinta, mu mu nemi zauren abokai. Don ita muka fara tari. Shekara shida ana ajiyewa: ɗan abin da ke ragewa daga aikin rediyo da sanarwar biki, adashin uwargida har kwasa biyu, bijimai biyu da muka yi kiwo, da rabonmu na garkar albasa da muke yi tare da ƙanenmu a fadamar Tarka. Bayan kakar albasa ta 2024 muka ƙirga, abin ya kai miliyan 2 da jika 500 na sefa.

Wani zai ce me ya hana mu zuwa banki. Akwai bankin da aka buɗe musamman don harkar gidaje a ƙasar nan tun 2018. Sai dai banki, kowane iri ne, abu biyu yake fara tambaya: albashin da ke shigowa ta hannunsa duk ƙarshen wata, da takardar mallaka mai ƙarfi da zai riƙe jingina. Mu ba mu da ko ɗaya, haka ma mafi yawan masu karanta wannan rubutu. A Adar da Gobir Tudu gida da kuɗin hannu ake sayensa, kuɗin albasa ko na bida.

Muka nemi dillali, dattijo ne da kowa ya sani, ya taɓa sayar wa ƙanenmu saniya. Wuri uku ya nuna mana. Na farko kango ne a bakin gari, gona ce mai ita ya yanyanka da kansa yana sayarwa. Araha ƙwarai, amma muna tsayawa muka ga ƙasar baƙa ce mai tsagewa, ga alamar kwanciyar ruwa a gindin itatuwa. Wanda ya tashi a bakin Tarka ba sai an gaya masa ma'anar wannan ba. Na biyu ya yi wa Inna nisa da masallaci da danginta. Na uku shi ne ya shiga ranmu tun daga ƙofa: tsohon gidan ƙasa a tsakiyar gari, kan tudu, da zaure mai azara, ɗakuna biyar, bishiyar dogon yaro a tsakar gida, ga famfo a bakin layi. Mai gidan ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Dillali ya ce gidan gado ne, amma babu matsala, babban ɗan ne ke sayarwa kuma duk ƴan uwansa sun yarda.

Ku riƙe wannan magana ta "duk sun yarda", don a kanta komai ya rataya.

Ranar da muka shiga duba gidan mun ga wata tsohuwa a can ƙurya tana tankaɗe. Muka gaisa, ta amsa, ba ta ƙara ko kalma ba. Muka tambayi babban ɗan, ya ce mahaifiyarsu ce, za ta koma wurinsa in an sayar. Ba mu sake waiwayar zancen ba, hankalinmu na kan azara da tsawon katanga.

An yi ciniki irin wanda kuka sani. Ya sa suna miliyan 3, muka taya miliyan 2, ya ce albarka. Dillali ya yi ta kai gwauro yana kai mari kwana huɗu, yana tuna mana cewa wuri ya yi tsada tun da mutanen da ke gudun ƴan bindiga daga jihar Sakkwato suka fara kwararowa yankin Bangi a 2021, kuma wai akwai wani ɗan Abijan da ke son gidan. Ko akwai shi ko babu, Allah masani, amma maganar ta yi aikinta. Aka sallama a miliyan 2 da jika 400. Mako guda bayan ƙaramar salla, cikin watan Afrilu, bayan la'asar, muka ƙirga jika 500 a zauren gidan a matsayin kafin alƙalami, gaban dillali da mutum biyu da muka taho da su daga masallaci. Aka yi fatiha, aka raba goro. Ba a rubuta komai ba.

Nan ne wurin kunyar. Mu ne fa muke zama gaban makirfo muna gayyato mutanen kwamitin kula da filaye, muna ce wa masu saurare kada su sayi ko taki ɗaya na ƙasa ba takarda. Mun yi kwalej, mun yi lise, muna karanta Faransanci, har maƙwabta ke kawo mana takardunsu mu fassara. Amma da abin ya zo kanmu, sai kunya da ɗoki suka rufe mana ido. Mutumin sa'an yayanmu ne, layi ɗaya muke salla in mun je gida. Ka ce masa ya sa hannu a takarda, sai ka ji kamar ka kira shi ɓarawo.

Bayan kwana uku muka je wurin maigari don a shirya takardar saye kafin mu cika kuɗi. Ga waɗanda ba su sani ba, tun dokar 2 ga Maris 1993 da ta kafa tushen tsarin karkara, wanda ake kira Code rural, aka fara kafa kwamitocin filaye hawa-hawa. Akwai na departema da perefe ke shugabanta, akwai na komin a hannun magajin gari, wanda tun Afrilun 2024 kantoma ne ke riƙe da kujerarsa, sai na gari ko na ruga, wanda ake ce wa Cofob, a ƙarƙashin maigari tare da sakatare mai iya rubutu. Su ne ke rubuta shaidar saye, ta kyauta, ta aro, ta haya, ta jingina, da ta mallakar gargajiya. A inda meri ta yi lotisma, kamar Madawa, mai fili na riƙe da takardar da ake ce wa acte de cession. Amma tsohon gidan cikin gari irin wannan, wanda kakanni suka kafa da darni, ba shi da wata takarda sai sanin dattawa. Don haka ƙofar maigari ita ce ta farko.

Maigari ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce: "Ɗana, magada nawa na?"

Muka ce, ranka shi daɗe, babban ya ce duk sun yarda.

Ya ce: "Ba wanga ni tambaye ka ba. Nawa na, kuma wa da wa kaj ji da kunnenka?"

Muka yi shiru. Sakatare ya jawo littafi, su biyu suka shiga lissafo ƴaƴan mamacin da ka, don sun san su tun suna yara. Maza uku: babban, da na biye da shi da ke nan gari, da ƙaraminsu da ke Abijan shekara takwas bai zo ba. Mata huɗu: ɗaya na aure nan gari, ɗaya wajen Buza, ɗaya wajen Keita, ɗaya a tsallaken iyaka cikin Najeriya. Sai uwarsu, tsohuwar da muka gani tana tankaɗe. Mutum takwas. A cikinsu mutum ɗaya tak muka ji da kunnenmu. Maigari ya ce ba zai sa hatiminsa ba sai kowane ɗaya ya zo da ƙafarsa ko ya naɗa wakili gaban shaidu. A ranar haushinsa muka ji, ba za mu ɓoye ba.

Da dare muka je wurin malamin da ake kira rabon gado a garin. Ya tambaya ko mamacin ya bar iyaye, ko bashi, ko wasiyya. Aka ce babu. Ya share ƙasa da tafin hannu ya yi lissafin a gabanmu. Matar mamaci, tun da akwai ƴaƴa, tumuni gare ta, wato ɗaya cikin takwas: jika 300. Saura miliyan 2 da jika 100. Namiji rabon mata biyu, maza uku kashi shida, mata huɗu kashi huɗu, ya zama goma, kowane kashi jika 210. Ke nan ɗa namiji jika 420, ɗiya mace jika 210.

Muka kalli lambobin nan a ƙasa, gumi ya karyo mana. Mutumin da ya sayar mana da gida sukutum, abin da ya mallaka a ciki jika 420 ne, bai ma kai kafin alƙalamin da muka damƙa masa ba. Sannan in ka haɗa rabon uwar da na ƴaƴanta mata, miliyan 1 da jika 140 ne. Kusan rabin gidan na mata biyar ne, kuma kamar yadda ta bayyana daga baya, ba wadda aka nemi shawararta a cikinsu.

Malam ya ƙara mana abu biyu da ba mu taɓa kawowa a shirinmu ba. Na farko, a mazhabar Malikiyya wanda ya sayar da abin da ba nasa ba, cinikin a rataye yake, sai in mai abin ya amince. Na biyu shi ne shuf'a. In mutane sun yi tarayya a gida ko gona da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da rabonsa ga bare, sauran na da haƙƙin su mayar wa baren kuɗinsa su karɓe rabon. Wanda ke gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi. Amma wanda ba ya nan, nasa na nan komai daɗewar tafiyarsa. Ya ce yana cikin Risala, duk almajirin da ya yi nisa ya karanta. To ku duba yankinmu, wane gida ne a Madawa da Buza da Keita ba shi da ɗa a Kodebuwa ko Libiya ko Najeriya? Da mun cika kuɗi mun rushe mun gina, ɗan Abijan na iya saukowa daga mota bayan shekara goma ya ce bai san zance ba, kuma yana da gaskiya.

Muka nemo lambarsa. Saƙon murya na farko da ya aiko ta WhatsApp minti huɗu ne, kuma ba za mu iya maimaita rabinsa a nan ba. Bai san an sa gidan kasuwa ba. Shi ne ma ke aiko da kuɗin yaɓe duk shekara kafin damina. Ya ce mu da muke da ilimin boko muka haɗa kai da yayansa za mu fitar da uwarsa waje. Muka haɗiye, don in ka cire zagin, sauran maganar ba ƙarya a ciki.

Muka koma wa babban muka ce a fasa, a ba mu kuɗinmu. Ya sunkuyar da kai. Ya sayi injin ban ruwa, ya biya bashin takin bara, abin da ya rage bai kai jika 100 ba. Ba ɗan damfara ba ne irin wanda ake ba da labari, wannan mun yarda har yau. Mutum ne da aka saba tun rasuwar ubansa in ya yi magana an gama. A ganinsa shi ne uba yanzu, zai sayar ya ba kowa abin da ya ga ya dace, mata kuma ai suna gidan mazajensu. Irinsa na da yawa a garuruwanmu, kuma akasari ba mai ce masu don me, sai ranar da aka samu wanda ya ƙi.

Abokai suka ce mu kai ƙara. Akwai kotu a Madawa, babba kuma na Ƙonni, kuma a shari'ar gado da ta ƙasar da ba ta da rajista alƙali na zama ne da masana al'ada. Amma irin wannan rigima ana fara ta ne da sulhu a gaban sarakuna, sannan me za mu nuna? Ba takarda, shaidunmu biyu kuwa ɗaya surukin mutumin ne. Ko mun yi nasara, injin ban ruwa za a ba mu. Ga Inna, da a garin za ta ci gaba da zama, ana nuna ta ana cewa ɗanta ne ya kai wane gaban alƙali. Ita ce ma ta hana. Ta ce: "Ku tai ku ji bakin ɗiyan nan mata tukuna. Ba a tambaye su ba, ku ku tambaye su."

Ta gari da ta Buza ba su ba mu wahala ba, duka biyun cewa suka yi abin da ƴan uwa suka yanke shi ke nan, irin amsar da mace ke bayarwa in ba ta son a ce ita ta ɓata. Ta Najeriya a waya muka same ta, ita ma haka. Ta Keita ce ba ta da waya, sai muka hau babur mu da ƙanenmu, muka bi ta Buza. Wanda ya san hanyar nan ya san duwatsunta. Muka ratsa tuddan da aikin Keita ya yi wa gandari da shuke-shuke tun daga 1984, aikin da mata suka ɗauki mafi yawan duwatsunsa a ka, muka isa ƙauyen bayan azahar, ƙura har cikin kunne.

Mijinta ya yi mana shimfiɗa a zaure, ita ta zauna daga bakin ƙofa. Muka faɗi abin da ke tafe da mu, muka gaya mata rabonta jika 210 ne, muna zaton za ta yi murna. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce: "Malam, ina jin muryarka a rediyo in na zo gida. Tun da baba ya rasu ba a taɓa hwaɗa min ina da ko tubali guda cikin gidan ga ba, sai yau da kai baƙo ka zo." Sannan, mijinta na zaune yana ji, ta ce: "In an sai da shi, ranar da armena ya mutu ina za ni sabka? In na zo haihuwa ko ganin gida, ɗakin matar wa za ni shiga? Inna kuma da tsuhwanta a maishe ta ƴar karo gidan sarakkuwatta?"

Ba mu da amsa. Mu da muka baro gida don kada uwarmu ta ci gaba da zaman karo, ga mu mun yi tafiyar yini muna neman sa hannun da zai mayar da uwar wasu ƴar karo. Namiji in ya dubi gidan gado kuɗi yake gani, ko jarin albasa ko kuɗin mota zuwa Agadas. Mace kuwa wurin sauka take gani, don ita ce aure ke ɗauka ya kai wani gari, kuma ita ce yake iya maidowa da tsakar dare da ƴaƴa a hannu. Jika 210 ba ta sayen ɗaki a ko'ina. Ta ce ba ta sayarwa, kuma ba ta hana maza sayar da nasu.

Wannan magana tata ta ƙarshe muka kawo wa malam, shi kuma ya ce ai ita ce mafita. A raba gidan tukuna. In an raba, an sa iyaka, kowane ɓangare ya samu ƙofarsa, tarayya ta ƙare, shuf'a ta faɗi, don a Malikiyya maƙwabci ba shi da ita. Mata su haɗa rabonsu wuri guda su bar uwarsu a ciki, maza in sun so su sayar da nasu.

Faɗar ta fi aikin sauƙi. Damina ta shigo, kowa ya tafi gona, ba mai lokacin zama. Daminar 2024 kuwa kun san yadda ta kasance a ƙasar nan, gidajen ƙasa nawa suka zube. Kangon nan na bakin gari da muka ƙi, cikin Agusta ruwa ya kwanta a kansa har gwiwa, wanda ya saya ya riga ya zuba bulo. Gidan da muke nema bai yi ko tsaga ba, sai indararo ɗaya da ya karye. Wata shida kuɗinmu na hannun mutum, ba gida ba takarda. Uwargida ba ta taɓa cewa komai ba, amma duk ranar zubin adashi mun san abin da ke ranta.

Ɗan Abijan ne ya fi wuyar shawo kai. Abin da ya sauko da shi ba mu ba ne, ƴar uwarsa ce ta Keita, da aka kai mata waya suka yi magana. Da ya ji uwarsa ba za ta motsa daga ɗakinta ba, ya ce ya yarda, ya wakilta kawunsu. Ya faɗi haka a waya an buɗe murya, gaban maigari da liman da mutum huɗu, sakatare ya rubuta rana da sunayen waɗanda suka ji.

An yi zaman cikin Nuwamba bayan an gama girbi. Kafin nan an yi shela a masallacin Juma'a da ranar kasuwa cewa za a raba gidan wane a sayar da sashe, mai magana ya fito. Irin sanarwar da muke karanta wa mutane a rediyo, yau ga ta a kanmu. Mata uku suka zo da kansu, ta Najeriya ta wakilta mijin yayarta. Aka kira maƙwabta na gabas da yamma da arewa su tsaya kan iyakarsu, aka kawo magini da igiyar awo. Dattawa suka ce gaba ya fi baya daraja saboda zaure da bakin hanya, don haka aka ba mata fili ya ɗan fi faɗi: ɗakuna uku na ciki, da rumbu, da bishiyar. Aka yanke cewa za a huda masu ƙofa ta lungun arewa, kuma mu muka ɗauki nauyin wannan da katangar tsakiya. Maza uku suka sayar mana da gaba, zaure da ɗakuna biyu da filin da ke tsakani, a kan rabonsu, miliyan 1 da jika 260.

Aka cire jika 500 da muka riga muka bayar, muka ƙirga jika 760 a kan tabarma gaban kowa. Da yake babban ya ci fiye da rabonsa da jika 80, aka rubuta cewa zai biya ƙannensa jika 40 kowanne in an cire albasa. Bai ji daɗin a karanta wannan a bainar jama'a ba. Dillali ma bai ji daɗi ba, don la'adarsa ta ragu da rabi, har ya ce mu ƴan lakwal mun cika tone-tone.

Sakatare ya cika takardar saye, wadda aka rubuta wa attestation de vente a sama: sunan masu sayarwa da mai saye, tsawo da faɗi, maƙwabtan kusurwa huɗu, kuɗi, shaidu. Masu iya rubutu suka sa hannu, saura suka dangwala yatsa, maigari ya buga hatimi. Kwafi da yawa ake yi, namu, na masu sayarwa, wanda ke zama wurin maigari, da waɗanda ake turawa komin da departema, don in ta hannunka ta ɓace ko gara ta ci a samu wata. Muka roƙa a yi wa matan tasu takardar ta sashensu da sunayensu su biyar, aka yi. Tsohuwar ta karɓa ta juya ta gaba da baya, ta miƙa wa ta Keita ta ce ta adana.

Kada wani ya ɗauka wannan takarda ita ce ƙarshe. Shaida ce mai ƙarfi a gaban maigari da sarki da alƙali, amma wadda ta fi kowace ita ce titre foncier, wadda ma'aikatar filaye ta ƙarƙashin hukumar haraji ke bayarwa bayan mai awo ya zo ya kafa turakun siminti ya zana taswira. Tun 2006 aka fito da hanya mai sauƙi ta samunta, aka ma sa mata sunan Hausa, Sheda. Ita ce banki ke karɓa jingina. Mun kai tamu takardar meri an shigar, mun ajiye fotokopi uku a wuri uku, ɗaya a Madawa, ɗaya wurin ƙanenmu, hotonta kuma a cikin waya. Dosiyen Sheda sai mun sake tara wani abu.

Ragowar kuɗin ya tafi a gini. Mun ci sa'a gwamnati ta rage farashin siminti da kashi 35 cikin 100 a watan Oktoban 2024 bayan ambaliya, ga kuma Malbaza kusa da mu. Kwanon rufi daga Illela aka kawo mana ta Ƙonni, faɗuwar naira ta sa ya yi mana sauƙi. Muka ja katangar tsakiya da bulo, muka yi wa ɗakunan biyu daɓe da sabon rufi, muka haƙa masai, muka fitar wa maƙwabtanmu ƙofarsu da ƙyauren ƙarfe. Ɗaki na uku da muka yi niyya ya tsaya a tushe.

Inna ta tare cikin watan Janairu. Ita da tsohuwar ashe tare suka yi ƴanmatanci, sai ga shi sun sa magini ya bar wata ƴar kafa a katangar da muka kashe kuɗi muka ja, wai ta miƙa wuta da gishiri. Babban ɗan ya biya ɗaya daga cikin ƙannensa, saura na Abijan. In mun haɗu a masallaci yana amsa sallama, amma bai ƙara miƙo mana hannu ba. Ta Keita kuwa ta zo haihuwa cikin azumin bana, a ɗakin uwarta ta sauka, kuma a zaurenmu maza suka zauna ranar suna, don nasu sashen ba shi da zaure.